Jan Kifin Lawal Mai-gilashi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke cikin ruwa da abin da ke kwance a ƙarƙashin laka.

Mijina, Allah ya jiƙansa, sunansa Lawal. A bakin kasuwa Lawal Mai-gilashi ake ce masa, don sana'arsa ke nan: yankan gilashin taga, da na firam ɗin hoto, da madubin kabad ɗin amare. Ni Malam nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Gajere ne, mai sanyin magana, yatsunsa duk tabon yanka. Bai iya cewa a'a ba. Ko da hannunka ka fasa gilashi, in ka je shagonsa ka ce dama a tsage ya sa maka, sai ya ce, "Ai kuwa yana yiwuwa," ya yanka maka wani. Mutane suna yabonsa da kara. Su ake yi wa karar, ni kuma ni ce a cikin gidan.

Kifi ya shigo mana ne bayan yaƙin basasa, lokacin garin nan ana ce masa Abuja, ba a karɓi sunan an kai wa sabon birni ba tukuna. Callistus, wani Ibo mai gyaran rediyo da ya taɓa zama a unguwarmu kafin rikici, ya dawo da matarsa Hilda, suka kama ɗakunanmu na waje. A Minna ya tashi, Hausar bakinsa kamar tawa. Wata rana ya kawo wa Malam zanen wani akwati, ya ce a haɗa masa da gilashi, kada ya yi yoyo. Malam ya tambaye shi me za a zuba a ciki. Ya ce kifi.

"Na ci?"

"Na kallo."

"Oga Kalis," in ji Malam, "ashe yaƙin nan ya taɓa ka fiye da yadda muka zata."

Amma ranar da aka zuba ruwa aka saki kifin, Malam ne ya zauna a benci yana kallo har tuwonsa ya huce. Bai daɗe ba ya haɗa wa kansa akwati. Kifayen Callistus daga Legas ake kawo su, masu jela kamar gyale. Malam ba shi da hanyar Legas, sai ya yanka tsohon gidan sauro ya yi 'yar koma, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ya hau keke ya bi rafuka da kududdufai.

A wani kududdufi kusa da Diko, bayan gonakin Gwarawa, ya samo nasa. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Namijin shuɗi-shuɗi ne da ɗigon ja ko'ina kamar an yayyafa masa lalle, bakin jelarsa rawaya. Macen ba ta da ado, kalar ƙasa ce. Abin da ya ɗaure wa Malam kai shi ne babu rafin da ke shiga kududdufin, kuma da rani ƙafewa yake yi ƙaf har ya tsattsage, awaki na bi ta kai. Amma damina na faɗuwa sai ga kifi. Wani rani sai ya kankaro busasshiyar lakar a ƙwarya ya kawo gida ya ajiye. Da aka yi ruwan farko ya tara ya zuba mata. Kafin in gama tuƙa tuwo ya kira ni. Wasu 'yan abubuwa ne kamar kan allura, ido biyu da jela, suna ta wutsil-wutsil. Na ce subhanallahi. Ashe ƙwai suke binnewa a laka, iyayen su mutu da kaka, 'ya'yan su yi ta kwanciya har ruwa ya tashe su.

Sau ɗaya ya faɗi wannan a majalisarsu ta ƙofar masallaci. Wani ya ce gaiwa kaɗai aka sani da kwana a laka, ita ma da ranta take shiga. Wani ya ce, "Lawal, in kifin ya tsiro a sam mana iri, bana dawa ba ta yi ba." Ladan kuwa ya ɗaure fuska ya ce a bar irin wannan zance, rayar da matacce na Allah ne. Daga ranar Malam bai ƙara gaya wa kowa a unguwa ba. Maƙwabta sun san yana da kifin da bai cika cokali ba. Ba su san abin da ke cikin tukwanen da ke ƙuryar ɗakin ajiyarmu ba.

A manyan randunan Gwarawa yake kiwon su, ya ce ruwan randa ya fi sanyi, akwatin gilashi na nuna wa baƙo ne kawai. In kaka ta yi sai ya tsiyaye ruwan, ya kwashe lakar gindin randa, ya matse a tsumma, ya shanya a inuwa. Kullum sai ya murza ta a yatsa ya sansana. In ta yi kamar garin taba mai ɗan danshi sai ya zuba a tukunya ya rufe da faifai. Ni ce mai tato musu tsutsar sauro da rariya daga tsohuwar kwatarniya a bayan ɗaki. Ban taɓa zaton zan kiwata sauro da hannuna ba, amma na yi, kuma har na san namijin da ya fi kowa zari.

Shekarar da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a gefenmu, katafiloli suka zo aikin hanya. Aka cike kududdufin da jar ƙasa, aka mai da wurin ma'ajiyar manyan motoci. Damina biyu Malam yana zagaye daga Maje har Lambata, duk inda ruwa ya kwanta sai ya tsoma koma, bai ƙara ganin irinsa ba. Iyakar saninmu, abin da ya rage na kifin nan a duniya shi ne wanda ke cikin gidanmu.

A lokacin shi da Callistus da wani malamin asibiti da wasu ma'aikatan safiyo masu awon ƙasa sun riga sun kafa ɗan kulob ɗinsu na masu kiwon kifin ado. Ashe akwai irinsu a Legas da Ibadan da Benin da Inugu da Jos da Kaduna. Sai aka kira taro a Kaduna, wai a haɗe a yi tarayya guda ta ƙasa baki ɗaya. Shugaba dai an bar wa Legas. Da aka zo kan sakatare, Legas ba ta yarda da Ibadan ba, Inugu ba ta yarda da Benin ba, Jos ta ce in Kaduna ce to ta fita. Can wani ya hango ɗan gajeren mutumin da ke zaune a baya tun safe bai ce uffan ba. Aka ce ga na Abuja nan, tsakiyar ƙasa, ba shi da faɗa da kowa. Malam ya dawo gida da hatimi a cikin gwangwanin sigari, da suna Sakataren Tarayya.

Na ce, "Malam, da wane Turancin?"

"Oga Kalis zai riƙa rubutawa. Nawa buga hatimi ne da ba mutane haƙuri."

"To ai ka samu aikinka."

Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi masa daɗi. Mutumin da aka yi wa dariya a ƙofar masallaci, ga shi lauyoyi da likitoci na miƙewa su ba shi hannu. Ya ɗinka babbar riga mai aiki, shi da ko Salla ba ya damuwa da sabon kaya. In zai tafi taro gwangwanin nan a aljihun gaba yake sa shi, yana tafiya yana dafawa.

Ni da na ɗauka aikin tarayyar kifi aikin kifi ne. Ashe ba haka ba ne. Wata uku aka yi ana gardama a kan ko kifin da aka sayo daga ƙasar waje zai shiga gasa ɗaya da na rafin gida. Aka yi fushi a kan sunan garin da za a fara rubutawa a tuta. Mutanen Benin suka ƙi zuwa taro guda saboda an sa shugabansu a kujerar katako, na Inugu a mai kushin. Duk wanda ya yi fushi Malam ne zai rufe shago, ya hau mota ya kwana a hanya, ya je ya ba shi haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba. Masu kawo aikin taga suka gaji da ganin kwaɗo a ƙofa, suka koma wurin wani. In ya dawo, ƙafa a kumbure, na tambaye shi wane irin kifi ya gano a Ibadan, sai ya ce, "Ai ba mu samu zuwa ganin kifi ba."

Da ranin shekarar saba'in da takwas layin taron shekara ya zo kanmu. Masaukan gari duk 'yan kwangila sun cika su, sai Malam ya bi maƙwabta gida-gida yana roƙon ɗaki. Kande, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ta leƙo ta ce mini, "Yaya Hajara, waɗanda ba sa salla Malam zai kwantar mana a ɗaki?" Na ce baƙi ne, kwana biyu ne. Ta ce, "To Allah ya sa su tafi da abin da suka zo da shi." Amma ta share ɗakin, har turare ta sa.

Malam ya daɗe yana jin tsoro a kan tukwanen nan. Gobara, ɓera, ko shi kansa ya faɗi. Sai ya yanke shawara zai raba lakar, kowane kulob ya tafi da kashi guda, in namu ya lalace na wani ya tsira. Ya kuma ce ƙila in suna kiwon abu ɗaya sa samu abin zance ban da kujera. Niyya ce mai kyau. Ya sayo farin alawayyo sabo. Na ce ina da ragowar atamfa, ya ce manyan mutane ba a ba su kyauta a tsumma. Ya kasa lakar kashi bakwai, ya naɗe kowanne a ganyen ayaba, sannan a alawayyo, ya ɗaure da zaren da ya samu a gwangwanin ɗinkina, wanda baƙi ne. Shida na baƙi, ɗaya namu.

Da na gan su jere a tabarma na ce, "Malam, waɗannan sun yi kama da abin da ake tonowa a bakin ƙofa."

Ya yi dariya. "Ke dai Hajara. Masu ilimi ne, ba ruwansu da wannan. Kuma ai da idonsu za su gani."

Abin da ya shirya ke nan. An ba shi bayan azahar ya yi jawabi. Yana da tulu guda na ruwan sama da ya liƙe bakinsa tun daminar bara. Zai ɗebi 'yar laka a faranti ya zuba ruwan a gabansu, kafin la'asar su ga kifi na motsi, sannan washegari ya ba kowa ƙullinsa.

A ajin makarantar firamare aka yi taron, yara na hutu. Ni da Hilda muka kai abinci, muka tsaya a jikin taga tana gaya mini abin da ake faɗa. Mutanen Ibadan a mota biyu suka zo. Ɗaya wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ɗaya kuma Bola, matashi mai kantin magani, da kwat da laktaye a cikin zafin nan. Kowannensu ya ce shi ne kulob ɗin Ibadan, wancan ɗan tawaye ne. Tun hantsi aka fara. Aka yi azahar ana yi. Malam na ta kai da komowa tsakanin bencinan yara da babbar rigarsa, "sori sa" nan, "sori sa" can, gumi har cikin ido.

Tsofaffin kifayensa na ƙarshe, waɗanda suka wuce kaka da ƙyar, suna cikin akwatin gilashi a kan teburin malami, rana ta juyo ta same su. Duk wanda ya gaji da gardama sai ya je ya ƙwanƙwasa gilashin da makullin mota. Wani mai hoto ya ɗauke su hoto. Da aka gama cin abinci, Cletus na Inugu ya hango tulun a lungu, ya ɓalle liƙin, ya ce ruwan nan da sanyi. Ina kallo suka bi layi suka wanke hannun miya da shi. Malam ma ya gani. Shi ya miƙa musu tawul.

Sai dab da magariba aka daidaita. Malam ne ya kawo shawarar a karɓi duka biyun, Ibadan ta zama kulob biyu. Aka tafa masa, shugaba ya rungume shi. Ba wanda ya tuna da jawabin bayan azahar, shi kuma bai tuna wa kowa ba.

Washegari da safe suka taru a zaurenmu yin sallama. Callistus ya tafi tasha neman wa mutanen Benin mota, saboda haka babu mai fassara. Ina bayan ƙofa ina ji. Malam ya fara miƙa ƙulli da hannu biyu, kansa a sunkuye, yana faɗin abin da kowane mai kunya ke faɗa in zai yi kyauta: ba wani abu ba ne, 'yar laka ce ta wajenmu, a yi haƙuri ba yawa. Sannan da guntun Turancinsa ya ce a ajiye a wuri mai duhu, kada a kwance a rana, kada kowa ya taɓa, sai an yi ruwan farko a zuba mata. Ni kaina da na san abin, sai na ji kamar ina sauraron boka.

Linus na Jos yana jin Hausa. Ya ce, "Malam Sakatare, wannan ba magani ba ne kuwa?"

"A'a, ba magani ba ne. Kifi ne a ciki."

"Kifi? A busasshiyar ƙasa? Ai da bandar kifi ka ba mu, da mun ci a hanya."

Ya juya musu da Turanci, zaure ya ɗauki dariya. Wani ya kai ƙullin kunne yana girgizawa. Nan ne ya kamata Malam ya ce kowa ya zauna, ya yi musu bayani dalla-dalla, ya gaya musu babu irin wannan ko'ina kuma. Amma wannan zai zama yabon kyautarsa a gaban wanda ya ba. Sai ya taya su dariya.

Ƙullin Ibadan tsohon nan na jirgin ƙasa Malam ya ba, da nufin su raba in sun isa gida. Bola ya tsaya da hannu a miƙe, ya ce ai jiya Sakatare da bakinsa ya ce su ma kulob ne. Sai ga Malam ya shigo cikin gida da sauri ya nufi ɗakin ajiya. Na tsaya masa a ƙofa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Malam, wannan namu ne."

"Yana tsaye, Hajara. Hannunsa a miƙe."

"A kwance a raba biyu."

"Ya ga an ba wancan cikakke shi rabi? Sai taron jiya ya dawo sabo."

"To mu fa?"

"In nasu ya ƙyanƙyashe sa aiko mana. Ga kuma tsofaffin nan, ƙila su ƙara ƙwai. Matsa mini, don Allah, mutane na jira."

Na matsa.

Baƙi suka koma masaukinsu suka ɗauki jakunkuna, Malam ya shiga mota ya raka su har Diko. Ina tsakar gida ina kankare tukwanen taro na ji hayaniyar mata ta bayan katanga, na ɗauka rabon ragowar shinkafa ne. Can sai ga Kande ta shigo, zani a ɗaure a ƙugu, tana haki, fuskarta cike da murnar wanda ya yi aikin lada.

"Yaya Hajara, Allah ya tsare mu. Ba na gaya miki ba? Baƙinku sun bar mana mugun abu."

"Wane abu?"

"Ƙulli. A ƙyallen likkafani, da baƙin zare. Ina ɗaga tabarma na gan shi. Gidan Ɗanladi a bayan ƙofa suka samu nasu, gidan liman kuwa a tsakanin azara aka cusa. Iya, tsohuwar gidanmu, ta sa tsinke ta ɓula ɗaya, ƙasar kabari ce, har da danshinta. Biyar muka samu."

Na ce, "Suna ina?"

"Ina kuwa? Masai. Iya ta ce nan ne kaɗai ake karya shi. Ko da hannu ba mu taɓa ba, da muciya muka tura. Ke ma ki duba zaurenku da kyau."

Na zauna a kan turmi. Ban yi mata faɗa ba. Da ni na ɗaga tabarma a ɗakin ɗana na ga abin nan ban san shi ba, abin da ta yi shi zan yi. Su baƙin sun ji tsoron ɗauka, ko sun raina, kuma sun ji kunyar mayarwa, sai suka ɓoye. Mu kuma muka ji tsoron abin da suka ɓoye. Kowa ya yi abin da ya ga iyayensa na yi.

Da Malam ya dawo na bari ya sha ruwa ya yi salla, sannan na gaya masa. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Iya ta tsorata ƙwarai?" Ya tashi ya sa hula ya bi gidajen nan biyar yana ba su haƙuri a kan tashin hankalin da baƙinsa suka jawo. Bai gaya musu abin da ke cikin ƙullin ba. Ya ce in sun sani za su ji nauyi.

Tsofaffin kifayen ba su ƙara ƙwai ba. Ranar ajin nan ta gama da su, kafin mako ya zagayo na tsame na ƙarshe da ludayi. Saura ƙulli biyu da ba a gani a unguwa ba, a kansu Malam ya ɗora rai. Na ɗaya bai daɗe ba aka ji labarinsa. Linus ya gaya wa Callistus direban motarsu ya rantse ba zai tashi da abin nan a ciki ba, sai suka jefar a bakin gada. Saura na Bola, wanda asali namu ne.

Aka yi ruwan farko. Malam ya fito da randuna ya wanke ya tara ruwa, ya ce ko da saƙo zai zo. Na ci gaba da tatar tsutsa ina zubarwa. Na ce ya sa Callistus ya tambayi Bola. Ya ce, "A tambayi mutum me ya yi da kyautar da aka ba shi? Ai gori ke nan." Sau biyu suka haɗu a taro bayan haka, suka zauna a tebur ɗaya, bai tambaya ba. In ya dawo sai ya ce ƙila Bola na jira su girma ne ya ba shi mamaki. Da damina ta wuce ya daina faɗin haka. Aka sake zaɓensa sakatare babu hamayya. Ya ci gaba da rufe shago yana sasanta masu kifi, shi kuwa ko ɗaya babu a gidansa. Callistus ya kawo masa na Legas masu jelar gyale, ya yi godiya, ya bar mini su.

Da kakar saba'in da tara ya kwanta da ciwon ciki, bai yi wata ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya yafe masa, ya sa haƙurin da ya yi ta bayarwa ya same shi a can.

Ina cikin takaba Callistus ya yi sallama ya ce ga shugaban tarayya ya zo ta'aziyya. Bola ne, a zaɓen da ya wuce ya hau. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, ina daga cikin labule, Callistus na fassara. Ya yi magana mai daɗi. Ya ce ba don Malam ba da tarayya ta watse tuni, za su sa sunansa a kofin gasa. Sannan ya ce akwai hatimi. Na turo gwangwanin ta ƙarƙashin labule.

Ya yi gyaran murya ya ce akwai wata 'yar magana kuma. Wani Bature mai nazarin kifi ya ga hoton da aka ɗauka a taronmu, ya ce bai taɓa ganin mai irin wannan zanen ba, yana so ya zo ya gani. Abin zai ɗaga sunan tarayya. Ko Malam ya bar wasu?

Na ce, "Oga Kalis, gaya masa mun ba shi."

Callistus ya fassara. Sannan Bola ya ce shi ba a taɓa ba shi kifi a gidan nan ba. Callistus ya yi masa bayanin ƙulli, farin ƙyalle, baƙin zare, ya daɗe yana magana. Bola ya ce gaskiya bai tuna ba, a irin wannan tafiya ana ba mutum tarkace da yawa. Ba ƙarya yake yi ba, daga muryarsa na gane. Ya ce Malam mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai ba shi da tsari, abu mai muhimmanci haka ai kamata ya yi ya danƙa shi a hannun tarayya. Ya ce ko zan daure in ƙara duba tukwanen.

Na gaya wa Callistus abin da zai gaya masa. Ba zan rubuta shi a nan ba, ba maganar mai takaba ba ce, na kuma nemi gafarar Allah a kanta.

Callistus ya ce, "Uwargida, wannan kam ba zan fassara ba."

Na ce to ya bari. Sai Callistus ya gaya wa Bola tukwanen a wanke suke.